Ƙugiyoyin Alhaji Kamaruddeen

Alhaji Kamaruddeen na kwance ƙarƙashin a-kori-kurarsa a ƙofar gida, yana ɗaura mata ƙugiyoyi biyu na jan mota a gaba, sai ga maƙwabcinsa Malam Gana da shanun huɗarsa.

"Malam, ka sayar da tsofaffin nan ka huta," in ji Alhaji. "Daminar bana duk wanda ya kafe a hanyar Minjibir, ni zan jawo shi."

"Allah Ya ba da iko, Alhaji."

Ruwan farko, motar Alhaji ta kafe a taɓo. Ya duba gabas da yamma, babu mai ja sai tsofaffin nan.

Malam Gana ya zura igiya a ƙugiya, ya jijjiga ta.

"Kai, aiki ya yi kyau, Alhaji! Ashe mu ka yi wa tanadi."