Launi na Goma Sha Uku

Mai kwalliya ta tarar da rami a tsakiyar shunayyar hodar. Rami sosai, na yatsa, ba na buroshi ba.

Wata biyu mai kwalliya ta yi tana jiran wannan kwalin hodar ido. Launi goma sha biyu ne a ciki, tsadarsa ta sa ko amare ba kowacce za ta buɗe wa ba. Ita kanta a bayan hannu kawai ta gwada su, zane ɗai-ɗai, tana riƙe numfashi. Amaryar Asabar ta riga ta zaɓi shunayyar, har ta ɗinka kayanta da launin. Ga shi yanzu ƙarfen gindin yana leƙowa.

Bayan ita, mutum ɗaya ke da makullin shagon: Auta, ƙanwarta, malamar makaranta, wadda ko kwalli sai an yi dambe take sakawa.

Ba ta sha wahalar nema ba. Auta na ɗakin ciki gaban madubi, yatsanta shunayya, idanunta biyu sun sha launi har kusa da gira. Murya ƙasa-ƙasa ta ce taron iyayen yara ake yi yau, ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. A waje mijin Auta na ta danna hon a mota.

Mai kwalliya ta sauke mata kwandon masifa. Ta tambaye ta ko iyayen yaran dodo suka ce a kawo musu, da kuma abin da za ta gaya wa amaryar mutane ranar Asabar. Auta dai ta sunkuyar da kai, tana ta jan mayafi gefen hagu.

Idon dama kam ɓarna ce, an dambara kamar yaɓen bango. Na hagun ne ya fi ƙona mata rai, don ya yi kyau. Shunayyar ta sauka a hankali, ta narke zuwa kore-kore, bakinta ya ɗan yi rawaya, irin haɗin da ita sai da ta shekara goma kafin hannunta ya iya. Kuma babu kore a wannan kwalin. Wato har wani kwalin aka buɗe mata!

"Ba za ki fita daga shagona da wannan fuskar ba," in ji ta, ta jiƙa auduga da man goge kwalliya.

"Yaya, don Allah bari. Yana jira."

"Ya jira."

Ta damƙi haɓarta. Shafa biyu, idon dama ya fita tas, audugar ta rine. Ta jefar, ta jiƙa sabuwa, ta murza na hagun da ƙarfi. Auta ta ja numfashi ta tsakanin haƙora, ta riƙe mata wuyan hannu. Hon ya sake tashi, dogo.

Mai kwalliya ta dubi audugar. Fara ce fat. Wannan launin hannun mai hon ne ya zana shi, shi kuma Auta ta zauna tun safe tana kwaikwaya a ɗaya idon.