Abin da Manaja Ya Kulle

Har hantsi ya dubi ludayi ƙofar bankin a rufe take, jama'a kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Kallamu yana can gaba, kafaɗarsa na gugar ƙyaure. Dillalin albasa ne a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, kuma duk abin da ya tara tun zuwansa garin yana cikin wannan ƙaramin banki na 'yan kasuwa.

Ƙarshen daminar 1966 ne. Manyan motoci na ta sauke Ibo da suka tsero daga kashe-kashen Arewa, wasu da sara a jiki, wasu babu 'ya'yansu. Hausawan Anacha sun san zama ya ƙare. Wanda ya dawo hannu wofi yana neman ajiyarsa, wanda zai gudu ma haka. Jiya an biya mutum kaɗan, aka ce sauran su dawo gobe.

Da asuba Kallamu ya baro matarsa Dije a unguwar Fegge da jaririn da bai yi arba'in ba. Ya ce ta ɗaure kaya ta jira shi, zai zo da kuɗin motar da za ta haye da su gada zuwa Asaba.

Magana ta fara yawo a layi. An ce bankin ya karye. An ce manyan sun raba kuɗin tun makon jiya. Wata mai sayar da kifi ta rantse ta ga motar bankin, wadda ba ta da taga, tana shiga tana fita ta ƙofar baya tun safe, manaja da kansa ke tuƙi. Aka kuma ga masinja ya shige da bokitin ruwa da burodi rungume a ƙirji.

"Kalaci ma za su yi a kan guminmu," in ji wani.

Ran nan Bahaushe da Ibo bakinsu ɗaya, zaginsu ɗaya. Sai dai wasu samari da suka zo daga baya suka tsaya gindin mangwaro, kowa da adda a hannu. Ba su yi kama da masu ajiya ba, ba kuma sa ihu. Kallo kawai suke yi.

Bappa Lawal, dattijon 'yan barkono, ya taɓa Kallamu ya nuna masa hayaƙi can wajen kogi, ta ɓangaren Fegge. Kallamu ya ce masu bandar kifi ne, ya mai da idonsa kan ƙofa.

Can manaja ya fito, ya kulle ƙofar a bayansa, ya cusa makullan cikin aljihu. Mista Obiora ke nan, haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinsa kamar ruwa. A Fegge yake zaune, layi ɗaya da Hausawa. Kowa ya san ƙaninsa yana Kano lokacin rikicin, har yau ba labarinsa. Tun safe Kallamu ke juya wannan a ransa. A ganinsa, mutumin ramuwa yake yi.

Obiora ya yi magana da Ibo, sannan ya juya Hausa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ku yi wa Allah ku watse. Abin da ke ciki naku ne, ba abin da zai taɓa shi muddin ƙofar nan tana rufe."

"Yallaɓai, ba sadaka muka zo roƙo ba," in ji Bappa Lawal. "Da iyali muke, tafiya za mu yi."

Manaja ya saci kallon gindin mangwaro, ya kamo hannun rigar Kallamu.

"Malam Kallamu, matso in gaya maka magana a kunne."

Kallamu ya ji gunaguni a bayansa. Wato shi za a saya, a sallame shi a ɓoye, a bar sauran a rana. Ya fizge hannunsa.

"Faɗi kowa ya ji!"

Obiora ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake kallon gindin mangwaro.

Wannan shirun ya ishi jama'a hujja. Dutse na farko ya sami gilashin taga, na biyu ya sami manaja a baki. Ya faɗi a kan matakala, ya dunƙule, hannu biyu a kan aljihu. Ana dukansa bai kare kansa ba. Sai da Kallamu ya durƙusa ya murɗe masa yatsu kafin makullan su fito. Mutumin ya riƙe masa ƙafa yana ta motsa leɓe, jini da ihun mutane suka cinye maganar.

Aka danna ciki. Aka haye kantar biyan kuɗi, aka zazzage durowa, mata na kokawa a kan sulalla. Kallamu bai tsaya nan ba. Ya san inda ake ajiye manyan kuɗin. Ya bi wani siririn lungu har ƙarshe, inda ƙofar ƙarfe take. Ya ji takun mutane a bayansa, a hankali, ba gaggawa, bai waiwaya ba.

Ya gwada makulli, ya ƙi. Ya gwada wani, ya juya. Ya sa kafaɗa ya tura, zafi da warin gumi suka buge shi a fuska.

Matan Hausawan Fegge ne da 'ya'yansu, a cushe har bango, zannuwansu duk toka. Dije ce a gaba, ta toshe bakin jaririnsu da tafin hannu, idonta kuwa ba a kan mijinta yake ba, yana kan addunan da suka biyo shi.