Kafur a Likkafani

Tun shekarar da dutsen fosfat, wanda ake yin taki da shi, ya ƙare a duniya aka hana binne mamaci. Daga sallar jana'iza sai masana'anta, inda ake narkar da ƙashi a tace sinadarin fosfaras, a ba magada buhun taki ɗaya.

Jatau ya kai mahaifinsa, ladanin unguwa, mutumin da ya shekara arba'in ba ya rabuwa da alwala. Da hannunsa ya yi masa wanka da ganyen magarya da kafur, yadda tsohon ya bar wasiyya.

Mai karɓar gawa ya ɗaga likkafani ya shinshina, ya yatsine fuska.

"Malam, kafur ka sa? Yana ɓata mana tukunya. Wannan ba shi da tsarki."

"Baba ne ba shi da tsarki?" in ji Jatau.

"A wurinmu dai. Babu taki."

Jatau ya tuna gonarsa da ta gaji.

"To, ku ba ni shi in binne."

"Binnewa laifi ne." Mutumin ya buga wa likkafanin jan hatimi, ya nuna ramin shara da haɓa. "Juye shi can ka ɗauke makararka. Akwai masu jira."