Idon Ragon Layya

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, bayan la'asar, Baba ya riƙo hannuna muka shiga kara a Daura. Dillalin dabbobi ne, mutane suna ba shi amanar zaɓar musu ragon layya. Lokacin ban kai shekara goma ba.

Muka tsaya gaban wani farin rago. Baba ya shafa bayansa, ya buɗe bakinsa ya taɓa haƙoran da yatsa. Sai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya raɗa mini a kunne, "Duba mini idonsa na hagu. Akwai fari a ciki? Kada ka ɗaga murya."

A nan na gane Baba ba ya gani sosai, kuma yana ɓoyewa. Rago mai ido ɗaya ba ya layya. In na yi kuskure layyar wani ta lalace, in kuma aka gane halin Baba, babu mai sake ba shi saƙo.

Na leƙa idon. Launinsa ruwan zuma ne, ƙuda na yawo a gefensa. Akwai wani ɗan ɗigon haske da na kasa tantancewa, tabo ne ko rana ce.

Mai ragon ya ce, "Malam, ciniki za a yi ko kallo kuka zo?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ban sani ba."

Ya miƙe ya ce wa mutumin, "Bai yi mini ba." Muka wuce, hannunsa a kafaɗata.

Yanzu na kai shekarunsa na ranar nan. Duk safiya sai na rufe ido ɗaya da tafin hannu na dubi bakin ƙofa, sannan na rufe ɗayan.