Yatsu Ukun Saje Mati

Duk Fagge babu wanda bai san yadda Saje Mati ya rasa yatsunsa uku ba, don shi ba ya barin mutum cikin jahilci. A bakin gadar garin Onica ne, in ji shi, lokacin yaƙin basasa. Harsashi ya ƙare, abokan gaba suka yo kansa da adduna. Ya tare sara da hannu, yatsu suka zube, ya shaƙe mai addar da ragowar biyun har idanunsa suka firfito. Da can mutum huɗu ne suka far masa; bana sun haura goma.

'Ya'yan yayansa, marigayi Alhaji Sule, su suka ɗauko Onyedika, malamin tarihi haifaffen Sabon Gari, ya rubuta littafin tarihin baffansu. Ƙa'idar Onyedika guda ce: labarin da ba shi da shaida ba ya shiga. In kuwa babin gada ya fita, littafin ya zama fanko.

Ya bi tsofaffin sojoji gida-gida. Duk sun tuna Mati, amma a gindin tukunya. Babu wanda ya taɓa ganinsa da bindiga. A hoton ranar da aka ɗauke su soja, kowa ya ƙame, shi kaɗai ya cusa hannu a aljihu. In aka tambaye shi shekarar da ta gabaci yaƙi, sai tari ya sarƙe shi.

Ran nan a kasuwar Sabon Gari, Onyedika ya nuna wa Mama Monica mai busasshen kifi bidiyon tsohon, ko za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta sa ya maido wurin hannun, ta rufe rumfa da rana tsaka, ta ce su tari adaidaita.

Sun tarar da Saje a zaure, ƙarƙashin ƙaton hoton Alhaji Sule da ke bango, 'ya'yan marigayin na kewaye da shi, yana ba da labarin gada, ya kai daidai wurin sara.

"Baba, ga shaida na kawo," in ji Onyedika.

Saje ya dube ta, ya mayar da hannu aljihu.

"Fito da shi, Mati," ta ce. "A ƙofar ɗakinmu yatsun nan suka zuba, shekara guda kafin yaƙi, ranar da aka shigo Sabon Gari kashe mu, ka tare ƙofa. Mai addar kuwa ba ka shaƙe shi ba. Ga shi can a bango."