Ramin da Ba a Sa wa Alama Ba

Zenon ya sauke gatari a kan ƙanƙarar, ruwa ya bulbulo baƙi ƙirin a gindin turken farko. Saura turaku goma sha ɗaya, ga shi ƙirjinsa ya fara yi masa gardama tun yanzu.

Ƙarshen Maris ne, lokacin da ƙanƙarar tafki ta fi mugunta. Da hunturu takan riƙe turakun dandamalin kwale-kwale ta ɗaga su a hankali. In ta fara narkewa kuwa, iska ɗaya ta isa ta turo ta gaba ɗaya ta murƙushe katakon. Maganinta sara ne: a zagaye dandamali da rami, a buɗe shi kullum. Wanda ya sara kuma shi zai kafa ɗanyun rassa a baki, don in ramin ya yi siririn ɓawo, dusar ƙanƙara ta rufe shi, mai tafiya ya gani ya kauce.

Zenon ya kafa rassansa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan ƙirgen kamar mai taɓin hankali.

Dandamalin na Rajmund ne, maƙwabcinsa kuma abokinsa na yarinta. Rajmund ya yi ritaya daga masaƙa a birnin Łódź, ya dawo ƙauye da matarsa Irmina, 'yar birni gaba da baya, wadda ta zo da akwatunan littattafai da dashen wardi talatin. A hunturunsu na farko, wata Laraba da ciwon baya ya kwantar da Rajmund, Zenon ya sara masa ramin ba tare da an roƙe shi ba. Ya ɗan sha barasa kafin ya fita, don sanyi. To, ɗan ne ko ba ɗan ba ne, shi kaɗai ya sani.

Washegari da safe Rajmund ya ji sauƙi, ya ɗauki ƙugiyarsa ta kamun kifi ya sauka kan tafki. Taku uku ya yi, ɓawon ramin ya fashe da shi.

Da aka ciro gawarsa, mazan ƙauye suka duba bakin ramin. Ko tsinke babu. Suka girgiza kai, suka ce zaman birni ya mantar da Rajmund aikin gidansu: ya sara da kansa, bai sa alama ba. Zenon yana tsaye a cikinsu, bai ce uffan ba. Da farko yana iya rantsuwa ya kafa rassan. Da ya yi ta tunani, sai ya daina yarda da kansa, don mashayi ba shi da bakin rantsuwa. Tun ranar bai ƙara kai kwalba bakinsa ba, kuma bai ƙara yin barci mai daɗi ba.

Irmina ba ta koma birni ba. Ta bar lambunta ya mutu, ta rage shiga mutane. Ba ta da kwale-kwale, ba ta taka dandamalin, amma duk hunturu Zenon na nan yana sara, ita kuma tana ajiye masa miyar kabeji da burodi. Takan cika masa kwano fiye da cikinsa, kuma ba ta cika kallon idonsa ba. Shi ma hakan ya fi masa sauƙi.

Yanzu likita ya hana shi gatari. Ranar Lahadi 'yarsa za ta zo ta tafi da shi birnin Olsztyn, kuma kowa ya san irin wannan tafiya ba a dawowa. Ya yanke shawara ba zai tafi da maganar a cikinsa ba. In matar nan za ta tsine masa, gara ta tsine masa ido da ido, ko da teburinta ne kaɗai wurin da ya rage ana yi masa maraba.

Ya gama turke na goma sha biyu, ya hau zuwa gidan.

"Kai, tsoho, cire takalman nan," in ji Irmina daga bakin murhu. "Kullum sai ka kwaso mini rabin tafki cikin ɗaki."

Ya cire, ya zauna. Ta ajiye masa kwano, ya ture shi gefe.

"Yau kuma miyar tawa ce ta yi laifi?"

"Maƙwabciya, zauna. Magana gare ni."

Ta zauna, ludayi a hannunta. Ya faɗa mata duka, idonsa a kan tebur: Larabar, barasar, gatarin, da shirun da ya yi a bakin ramin ana ɗora wa mamaci laifi.

"Ba Rajmund ya sara ba, ni ne. Na sara, na tafi ban sa alama ba. Ni na kashe miki miji, kuma shekara goma sha huɗu ina cin abincinki."

Ya jira ihu, ko ludayin a fuskarsa. Da ya ɗago, sai ya ga hawaye na zuba a fuskarta, kuma wannan karon ba ta kawar da ido ba.

"Na san kai ka sara, ta taga na gan ka," ta ce a hankali. "Kuma ka sa alama, Zenon, rassa bakwai. Rediyo ya ce za a yi sanyi mai tsanani, ban san amfaninsu ba, sai na je na tsige su na rufe wardina."