Shayin da Ba a Sha Ba

"Baba, ka yi haƙuri," in ji sabon shugaban kamfanin, ɗan marigayin da ya kafa shi. "Na duba takardun taro na shekara ashirin, ko kalma ɗaya ba ka taɓa faɗa ba. Kujerarka za mu bai wa mai diplom, wanda ya yi boko."

Tsohon ya dubi kogi ta tagar bironsu, ofishin da ke unguwar Gaweye. Tun suna ɗaukar buhunan albasa a ka yake tare da marigayi. Bai iya Faransanci ba, amma daga Galmi har Kwatano ya san mai amana, ya san mazambaci. Ba ya musa wa maigidansa a gaban mutane, sai suka yi wata dabara: in ya shanye shayinsa, marigayi ya sa hannu, in ya bar shi, magana ta mutu.

"Ba komai, ɗana. Allah ya yi albarka."

Ya ɗauki sandarsa. Kafin ya kai ƙofa, hannuwa bakwai sun tashi, sun amince da sabon abokin ciniki, mutumin da tsohon ya sani tun yana sake wa ruɓaɓɓiyar albasa buhu.

A kan tebur shayin ya huce, cike har baki. Babu wanda ya duba.